Jar Saniyar Kakanmu

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta da wata 'yar waya mai gashi-gashi, sai na tuna da kakanmu, tsohon soja, a Fulatan. Da irinta yake goge lofensa na shan taba, da ita kuma yake lanƙwasa mana shanu, ya sa mu jera su, manya gaba, ƙanana baya. Sabuwar waya farar saniya take bayarwa. Wadda ta ratsa lofe ja take fitowa, da warin taba, kuma a kanta muke faɗa.

Wata Juma'a bayan La'asar liman ya zo taya shi murna, don Kaka ya sanar a masallaci cewa ya bar taba. Suna gaisawa a zaure ƙanwata ta shigo da kuka.

"Kaka, tashi ka sha taba ka yi mini jar saniya! Ta ɗazu Yaya ya ƙwace!"

Kaka ya dubi rufin zaure, ya ce, "Malam, amaryata ce, sharri take yi mini."

Liman ya ce, "To, Allah ya sasanta ku."

Daga ranar garkenmu ya koma fari fat. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa har da lofen.