Mai Rataye Abayoyi

Johaira 'yar Filifin ce, Musulma daga tsibirin Mindanao. Ɗinki ya kawo ta Madina tana budurwa, wani shagon mata a unguwar Anbariyya, kuma har yau ƙafarta tana kan keken nan. A nan Abdulrauf ya gan ta ya aure ta, Bahaushe haihuwar Madina. Hausa a bakin uwarsa ta koya, ta wajen faɗa da girki. Suna da 'ya'ya uku motar aikinsa ta kife a hanyar Yanbu, ya rasu.

Dangin miji sun yi kuka sosai, ba a hana su wannan ba. Da aka gama karɓar gaisuwa kowa ya kaɗe rigarsa. Johaira ce ta riƙe Saif da Wafa da autarta Rumaisa a ɗaki biyu da falo a unguwar Al-Sih. Ta yi ɗinkin amare har idonta ya nemi gilashi. Mahaifiyarta ta rasu a can gida, ta waya ta yi ta'aziyya, don ba wanda za ta bar wa yara. Duk wannan lokaci yayar mijinta, Ƙaltume, daga Idi sai Idi take leƙowa, ta zo da ledar alewa da tarin shawara.

Sai da Wafa ta gama jami'a Ƙaltume ta tuna tana da 'yar ƙane. A wani biki a Yanbu ta haɗu da Hajiya Innayatu, wata Bahaushiyar garin mai neman wa ɗanta Walid mata, ta tallata yarinyar. Aka sa ranar zuwa ganin Wafa. Johaira ta ɗinka mata riga ruwan zuma, ta wanke gida, ta turara shi, ta cika faranti da dabino. Burinta bai fi ta zauna a falonta a ce mata uwar yarinya ba.

Baƙi suka iso bayan la'asar, Johaira ta buɗe ƙofa da fara'arta. Hajiya Innayatu ko fuskarta ba ta duba ba. Ta cire abayarta ta ɗora mata a hannu, sauran matan suka bi sahu, ɗaya har da cewa a rataye tata daban kada ta yamutse. A gidajensu in 'yar Filifin ta buɗe ƙofa, to mai aiki ce, ba a tambaya. Suka wuce suka rungume Ƙaltume, wadda ta riga ta baje a kujerar mai gida.

Johaira ta tsaya da tulin baƙin yadi mai warin zufa da turare, tana jiran Ƙaltume ta gyara zancen. Ƙaltume ta ce, “Johaira, kai su ciki.” Matar da kullum take ce mata Ummu Saif, yau ta kira sunanta tsirara. Sannan ta biyo ta zaure tana raɗa.

“Ki bar shi haka, Allah ya yarda da ke. Na ce musu a hannuna Wafa ta tashi. In an ɗaura aure, khalas, shi ke nan, sai su sani.”

“Yaya, a hannunki? Wace rana kika taɓa yi mata wanka?”

“Ke dai kada ki ɓata wa yarinya nasibinta.”

Ƙyama ta taso wa Johaira. Abin takaicin, mutanen nan su ma an sha ce musu baƙi a garin da aka haifi kakanninsu, sun san ɗacinsa, amma sun samu wanda za su taka.

Wafa ta fito da butar gahawa, kamar yadda ake yi don a ga yarinya. Aka yi ta mashaAllah, aka yaba rigar. Hajiya Innayatu ta nuna Johaira da baki ta ce, “Shaggalarku, 'yar aikin nan, akwai tsabta. Za ku ba amarya ita ta tafi da ita?”

Johaira ta dubi 'yarta, abayoyin har yanzu a hannunta. Wafa ta ji, kunnuwanta sun yi ja, amma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da zuba gahawa.

Nan Johaira ta tako tsakiyar falo, ta juye abayoyin duka a cinyar Ƙaltume, ta zauna a gefen Hajiya Innayatu.

“Sannunku da zuwa gidana, Hajiya,” ta ce da Hausarta mai kyau. “Ni na haifi Wafa, ni na raine ta, rigar ma ni na ɗinka. In tambaya gare ku, ga ni.”

Wata ta ajiye dabinon da ta kai baki. Johaira ta miƙa hannu wajen 'yarta tana jiran kofinta.

Mutanen Yanbu ba su sake kira ba, kuma Johaira ba ta yi asarar barci a kansu ba. Abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Wafa ta zuba mata gahawar, ta ce, “Tafaddali, Mama.” Amma kafin ta zuba, sai da ta fara duban fuskar Ƙaltume.