Tabon da Ciki Ya Bar Mini

Tun cikina na fari yana wata shida baƙin tabo ya fito mini a kumatu da goshi. Mata suka ce da na haihu zai tafi. Na haihu, na yi arba'in, tabo yana nan daram. Saura sati uku hutuna ya ƙare in koma biro, wato ofishinmu, a unguwar Bonanjo, inda nake aikin sakatariya, ni ce fuskar da baƙo yake fara gani.

Goggona, ƙanwar babana da ta zo yi mini wankan jego a gidanmu na New Bell, ta gaji da ganina gaban madubi. Wata rana ta dawo daga unguwar Kassalafam da wata ƙaramar roba marar rubutu, da farin mai a ciki.

"Wata ce take haɗawa," in ji ta. "Akwai asid a ciki. Sati guda ya goge miki shi tas."

Na buɗe, warinsa ya bugi hancina. Na lakato da yatsa ke nan sai jaririyata ta farka tana neman nono. In tana sha, tana son miƙo hannu ta taɓa fuskata, daga nan hannun sai baki. Na goge yatsana, na rufe robar.

Washegari ana tsuga ruwan sama muka tafi farmasi ni da Goggo, yarinyar tana bayanta. Mai farmasin dattijuwa ce mai tabarau. Ta jujjuya robar ta ajiye.

"Madam, kina shayarwa?" ta tambaye ni da Faransanci.

Na ce eh.

"To wannan ban san abin da ke ciki ba. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa akwai maganin bilicin mai ƙarfi, yana ratsa fata ya shiga jini. Kada ki shafa."

Na fassara wa Goggo. Ta ɗaure fuska ta ce, "Ki tambaye ta, wato haka za ki zauna har yaye?"

Matar ta yi dariya. Ta ce ba kowane asid ne abin tsoro ba. Ta ɗauko wani siririn bututu, ta ce sunansa azelayik, kaɗan ne ƙwarai yake wuce fata, masu shayarwa suna amfani da shi. Ta ce in shafa a tabon kawai, kada ya kusanci ƙirjina, in wanke hannu da sabulu kafin in ɗauki yarinya, kada kumatuna ya gogi nata sai na wanke fuska. Ta haɗa mini da man kare rana, ta ce in nuna wa likitan da ke duba mu a ranar awo. Likitan ma ya amince.

Goggo ce ta zama mai gadi. Da na miƙa hannu zan ɗauki yarinya sai ta ce, "Kin wanke? Mu gani."

Na koma aiki da tabona, hoda ta rufe rabi. Sai a wata na uku ya fara dusashewa, a hankali ƙwarai. Wata safiya abokiyar aikina ta tsaya a teburina ta ce, "Mai jego, me kike ci ne haka?" Da na dawo na gaya wa Goggo, ta ce to ita ma a kai ta wajen mai tabarau, tana da wani tabo a wuya tun haihuwar autanta.