Daren da Mamman Ya Rufe Littafinsa

Shekarar da fari ya kwashe dabbobin arewa, gidanmu na Kara-Kara ya yi baƙuwa, wata Buzuwa mai suna Tekna. Da ƙafa ta iso Damagaram, mijinta ya rasu a hanya, raƙumansu duk sun mutu. Kakata ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakinta. Tana jin Hausa, amma maganarta ba ta wuce gaisuwa.

Bayan magariba mukan kewaye murhu, ko da kunun dusa ne aka sauke. Babana yana zaure da littattafansa na Larabci. Yayana Mamman kuwa ɗan lakkwal ne, makarantar boko, ba ya rabuwa da littattafan Faransanci da malaminsu ke ara masa. Ran nan ya nace sai ya fassara mana ɗaya: wani attajiri aka tarar a mace cikin ɗaki rufe, ɗan sanda yana neman wanda ya kashe shi. Mamman na tsakiyar kwatanta gawar, Tekna ta tashi ta shige ɗaki. Muka jiyo kukanta ƙasa-ƙasa.

"Mamman," in ji Kaka, "masu karanta wannan a ƙasarsu, suna ƙoshi?"

"Suna ƙoshi, Kaka."

"Shi ya sa. Rufe, ka matso."

Ta gyara itace ta ce, "Ga wata nan tafe, ku tare ta." Wai wani mutum ne da ba shi da sana'a sai ba da labari. Ya sauka garin da rumbuna ke cike, ya ba su labarin yunwa da mutuwa. Suka tsorata, suka ji daɗin tsoron, suka cika masa jaka da gero. Ya wuce garin da shekara ta ƙi, ya maimaita labarin nan dai. Ba su zage shi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, sai ya ga shi kaɗai yake yi wa kansa magana. Wata tsohuwa ta ce masa, "Ɗana, abin da ka kawo mana, da shi muke kwana."

Kaka ta tsaya nan, ta ɗaga murya: "Tekna, 'yata, ku a wajenku me ake faɗa in dare ya yi?"

An jima kafin ta fito. Ta ce su waƙa suke yi. Ta rera mana ɗaya da harshensu, ta ce ta rijiya ce da farin raƙumi. Ba mu fahimci ko kalma ba, amma Mamman ya roƙe ta ta sake, ta kuwa sake.

Na girma na zauna ƙasashen mutane. Na ga inda ake rububin littattafan kisa, na ga inda ba a son komai sai na soyayya ko na addini. Abokaina sukan yi gardama a kan su wa suka fi wayewa. Ni ba na shiga. Nakan tambaya ne kawai, mutanen nan me suka rasa, me kuma ya yi musu yawa.