Tsohuwar da Ta Tare Bango

Maƙwabcina Khalilu, ƙato da gemu, wai wasa yake: waya ke nuna masa inda aka ɓoye ɗan akwati a tsohuwar maƙabartar Alƙahira. Na rako shi.

Ga wata tsohuwa cikin baƙar riga tana shanya tsakanin kaburburan da suka girmi kakanninta, kyanwoyi na goga mata ƙafa, alhudahuda na tonon ƙasa. Ɗakinta na nan cikin maƙabartar, da alama nan aka haife ta. Tana ganin Khalilu yana bin bangon ɗakinta da waya, ta ɗauka masu fitar da titi ne. Ta manna bayanta da bangon, hannuwa a ware.

"Yau za ku rushe?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajja, wasa ne!" in ji Khalilu.

Har muka sha kwana ba ta matsa ba.