Fiton da Ya Faɗi Sunansa

Ku matso kusa ku ba ni kunnuwanku, ga ta nan tafe, amma wannan da idona na gani.

Muna yara a Wurma, in an kwashe tuwo, kakarmu Inna Tabawa takan tura kara cikin murhu ta tara mu. Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata yarinya ce da ta je rafi da magariba, ta ji fito cikin ciyawa, ta amsa, ta bi shi. Da safe tulunta kaɗai aka tsinta. Sai Inna ta dube mu ɗaya-ɗaya ta ce, "Mai fiton magariba ba ya faɗin sunansa. Kada ki amsa." Na girma, na aurar da 'ya'ya, ban taɓa yarda an yi fito a gidana bayan rana ta faɗi ba.

Sai ga jikata Hauwa'u, da ke karatu a nan Dutsin-Ma, ta shiga wurin wani Malam Kabiru na Kurfi koyon rediyon da ake aika magana da shi. Ta ɗaura wayar eriya a kan darbejiya, ta haɗa akwatin rediyon da kwamfuta. Ta ce malamin ya koya masu cewa inda murya ta kasa kaiwa, wani siririn sauti yana ratsawa, kwamfuta ta mai da shi rubutu. Ban saurara ba.

Lokacin layukan waya sun ɗauke, autana Sale ya tafi gona Birchi, hanya ba lafiya, kwana da kwanaki ba labarinsa. Tuwo ya daina wuce mani.

Ran nan ana kiran magariba, akwatin ya ɗauki fito, siriri, mai rawa, irin wanda Inna take kwaikwaya. Buta ta suɓuce daga hannuna. Na ce wa Hauwa'u ta kashe shi tun bai kira mana abin da ya fi ƙarfinmu ba. Yarinyar da ba ta taɓa musa mani ba ta tare akwatin da jikinta.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan ya faɗi sunansa. Dokarmu ke nan, kowa sai ya fara da lambarsa. Malam Kabiru ne."

Rubutu ya riƙa fitowa, tana karantawa: Sale ya iso Kurfi a ƙafa, ƙafafunsa sun kumbura, yana zauren Malam yana shan fura. Na matsa kusa da akwatin na zauna. Da ƙyar na ce ta amsa. Ta danna, gidana ya yi fito da magariba, ina kallo.

Na daɗe ina juya maganar Inna. Ashe ba fiton ta hana mu ba, bin wanda ba mu sani ba ta hana.

Inna tana kwance a Wurma, Allah ya jiƙanta. Sale ya warke ya koma noma. Malam Kabiru yana nan yana koyarwa, Hauwa'u kuma ita ke koya wa 'yan mata yanzu. Ni kuwa in akwatin ya yi fito, tsigar jikina takan tashi har yau, amma sai in tambaya, wane ne?