Ladan Ungozoma: 'Ya'yan Tsamiya Sha Biyu

Jama'a, ni ban taɓa shiga aji ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba, amma abin da zan gaya muku, wallahi tallahi da idona na gan shi. Jikata Zulai ce ke rubuta mini, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Ni ungozoma ce a wani ƙauye tsakanin Mai'adua da Kongolam. Shekara arba'in ina yanke cibi, rabin mutanen garinmu a tafin hannuna suka fara kuka, har da masu gemun nan da yanzu suke wuce ni a kan babur suna ɗaga mini hannu ɗaya.

Abin ya faru shekara biyu ko uku bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, lokacin da kowa ya shiga taitayinsa, masu bori suka rataye garaya, 'yan duba suka daina zama a bakin kasuwa. A lokacin Zulai ta zana jarrabawar fita sakandare har sau biyu, komai ta ci, lissafi ya kayar da ita. Makarantar koyon ungozoma kuwa ba sa ɗaukar wadda ba ta ci lissafi ba. Ubanta, ɗana na fari ne, ba na kama sunansa, dillalin shanu ne, ya ce karo na uku shi ne na ƙarshe, in ta sake faɗuwa ta naɗe littattafai ya saya mata keken ɗinki. Ni kuma ba ni da wani buri a duniya sai in ga yarinyar nan ta gaje ni da takarda da farar riga.

Saura wata biyu jarrabawa, kullum tana tsakar gida da littafi tana hawaye. In na ce, "Ke, mene ne?" sai ta ce, "Iya, ki bar ni, wannan ba kamun ƙugun mai naƙuda ba ne."

To, wata ranar kasuwa da bazara, ina dawowa daga Mai'adua a ƙasa, rana ta take tsaka, ba a kira azahar ba, sai na iso wata tsamiya da nake wucewa tun ina amarya. Wata mace ce tsaye a gindinta, doguwa, baƙa, da zanen saƙi irin wanda rabona da ganinsa tun kakata na da rai. Ta kira ni da sunan da babu mai kirana da shi sai mahaifiyata, ita kuwa ta daɗe a ƙasa. Ta ce ƙanwarta ce ke kan gwiwa, abin ya ƙi, in taimaka don Allah.

 Ni dai ba a taɓa kirana haihuwa na ce a'a ba. Na yi bisimilla na bi ta, muka zaga bayan tsamiyar, sai ga bukka sabuwa fil, an share ƙofarta tas, inda na san babu komai sai geza da ƙaya. Na shiga na sami yarinya ta galabaita, jariri ya zo a gicciye. Na wanke hannu, na yi abin da Allah ya sanar da ni, na daɗe ina fama har zufa ta jiƙa mini zane, kafin ya juyo ya sauko. Namiji ne. Bai yi kuka ba, idonsa biyu tar a kaina kamar ya san ni, na dai kawar da kai na yanke cibi na gyara uwar.

Da na fito, doguwar nan ta ce in faɗi ladana. Na ce ni ba na yanka wa mai jego farashi. Ta ce, "To faɗi abin da ke hana ki barci." Ban san lokacin da bakina ya kwance ba, na zayyana mata labarin Zulai kaf. Ta yi dariya, haƙoranta farare sol, ta ce, "Amsar jarrabawa kike so in kawo mata?" Na ce Allah ya kiyaye, wadda za ta riƙe ran mata a hannunta ba za ta shiga da sata ba. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Da kin ce e, da ba ki ga hanyar gida ba. Tsuguna."

Ta share ƙasa da tafin hannu, ta zube 'ya'yan tsamiya guda sha biyu, ta ce in cire rabi. Na cire shida. Ta maido su ta ce in cire kashi ɗaya cikin uku. Na cire huɗu. Ta ce, "Haɗa." Na ce goma, cikin sha biyu. Ta ce, "To shi ke nan abin da ke sa jikarki kuka. Rabi da sulusi ba sa haɗuwa sai an nemo adadin da kowannensu zai rabu a ciki ba tare da an fasa ƙwaya ba." Ta zana tabarma a ƙasa, taku huɗu a tsaye, uku a kwance, ta ja layuka, ta sa ƙwaya ɗaya a kowane gida, suka cinye sha biyun cif. Ta dunƙule wasu a hannu, ta bar biyar a fili, ta ce, "Nawa na ɓoye?" Na ce bakwai mana. Ta ce, "Haka za ki yi mata. Ke kin sani tun da daɗewa, sunayen ne ba ki da su, ita kuma sunayen kawai aka ba ta." Ta ƙulle mini su a bakin zane ta ce in tafi kada in waiwaya.

Na fito kan hanya, jama'a, inuwata tana nan a ƙarƙashin ƙafata inda na bar ta. Aikin da na san ya ci rabin yini, sai da na shiga gari sannan aka kira azahar.

Ban gaya wa kowa ba. Da la'asar na sami Zulai na ce ta karanto mini abin da ya gagare ta. Ta ce, "Iya, yau kuma ke ce malamar? A wace jami'a?" Na ce, "Jami'ar da na yanke wa ubanki cibi, karanto." Ta karanto rabi a tara da ɗaya bisa uku, ta ce ita biyu bisa biyar take samu, ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na ce, "Ke 'yar nan, a ba ki rabin tuwo, a ƙara miki wani, ki tashi da abin da bai kai rabi ba? Wane ɓarawo ne a cikin littafin naki?" Na zube 'ya'yan tsamiya. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta buɗe bayan littafi inda amsoshi suke ta duba. Can ta ce, "Iya, biyar bisa shida. Goma cikin sha biyun nan ne." Ta rungume ni har sai da na ce za ta karya mini haƙarƙari.

Daga ranar kullum bayan la'asar muna tsugune. Ita ta karanto da Turanci ta fassara, ni in shimfiɗa a ƙasa. Wani harafi mai kama da sawun kaza da suke ce wa ekis, wanda ya fi komai ba ta tsoro, na ce ba komai ba ne illa abin da aka dunƙule a hannu. Gero uku wake biyu, faɗin gona, kashi kaza cikin ɗari, duk muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na lura, ban kuma faɗa mata ba sai daga baya, in tambaya tana son ƙwaya ashirin, in na kwance bakin zane ashirin zan samu. In talatin, talatin. In muka gama na ƙulle, sha biyu ne. Har ƙawayenta uku suka fara zuwa da nasu littattafan.

Nan fa magana ta tashi. Mutane suka leƙo ta katanga suka ga tsohuwa tana share ƙasa, tana zane da yatsa, tana watsa ƙwayoyi, 'yan mata sun kewaye ta. A wancan lokacin wannan sunansa ɗaya: bugun ƙasa. Aka ce na koma duba, ina duba wa 'yan mata jarrabawa. Iyayen ƙawayen suka janye 'ya'yansu. Ɗana ya shigo fuska a murtuke ya ce, "Inna, kin zubar mini da mutunci a masallaci. Daga yau an daina, jarrabawar ma ba za ta zana ba." Saura sati uku! Zulai ta shige ɗaki ta kifa kai. Washegari aka aiko mai unguwa da liman suna nemana.

Na yafa mayafina mai kyau na tafi. Zaure ya cika, ɗana yana rakuɓe a gefe. Liman ya ce, "Iya, an ce kina bugun ƙasa." Shi ma ni na yanke masa cibi, amma na ba shi girmansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni izini in buga a gabanka." Aka ɗau salati. Na tsuguna na share ƙasa na ce, "Mutum ya rasu ya bar gona, da mata, da uwa, da 'ya'ya maza. Matar nawa?" Ya ce sumuni, ɗaya cikin takwas. "Uwar fa?" Ya ce sudusi, ɗaya cikin shida. Sai a lokacin na tuna sha biyu ba ta rabuwa takwas, na dai yi bisimilla na kwance ƙullin. Ashirin da huɗu suka zubo. Na ware uku na ce na matar, na ware huɗu na ce na uwar, na tura sha bakwai gefe na ce na 'ya'ya.

Liman ya sunkuya ya ƙirga da kansa, ya ɗago, ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Jama'a, wannan rabon gado ne! Daga ashirin da huɗu ake fitar da shi, haka yake a littafi. Shekara biyu na yi a Daura kafin ya zauna mini. Iya, wa ya koya miki?" Na ce, "Wata baiwar Allah da na yi wa aiki." Ban yi ƙarya ba. Ya juya wajen ɗana ya ce, "Kai kuma, uwarka tana koyar da ilimi kana jin kunya? Gobe tawa 'yar ma tana zuwa." Na kakkaɓe zanena na fito, ban gaishe da ko ɗaya daga cikin masu gulmar ba.

Zulai ta zana jarrabawa. Ranar da sakamako ya fito, tun daga bakin titi nake jiyo ihunta: "Iya! Kiredit! Kiredit!" Na rangaɗa guɗar da sai da awaki suka watse. Ubanta da kansa ya kai ta makarantar a bayan babur. A ranar na kwance bakin zane in ba ta ƙwayoyin ta ajiye, ƙullin yana nan daram, babu komai a ciki.

Bayan damina na koma gindin tsamiyar. Ba bukka, ba toka, ba alamar an taɓa zama. Amma zanen tabarmar nan, huɗu a tsaye uku a kwance, yana nan raɗau a ƙasa, ruwan damina guda bai shafe shi ba. Ban sake bin hanyar ba.

Yanzu Zulai shekararta tara tana karɓar haihuwa a asibiti. Bara ta zo mini ta ce da tsakar rana wata doguwar mace mai zanen saƙi ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, ba ta kawo kowa ba, ta dube ta ta ce, "Rabi da sulusi nawa?" Zulai ta ce biyar bisa shida. Matar ta yi murmushi ta ce, "Ki gaida tsohuwa, ki ce yaron ya girma." Zulai ta leƙa baranda, babu kowa. Ga ta nan ma tana rubutawa, ku tambaye ta.

Ni dai ban san ko su wane ne ba, Allah ne masani. Abin da zan ce muku, in yaro ya kasa lissafi kada ku ce kansa ne ya toshe, kada kuma ku saya masa amsa, ku tsuguna da shi a ƙasa da abin da zai taɓa da hannunsa. In kuma aka kira ku taimako da tsakar rana a gindin tsamiya, ku yi bisimilla tukuna, kuma in aka tambaye ku me kuke so, ku auna bakinku kafin ku amsa.