Hajja Kaltuma, Saratu Ta Iso Bayan Kin Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran malamarmu Hajja Kaltuma Mustafa a gidanta da ke Zango, cikin Damagaram, bayan gajeruwar jinya. Ina bakin aiki a likitar Gidimuni, wato asibitin garin, ɗanta Mahamud ya kira ni. Kafin in samu mota an riga an kai ta makwancinta.

Hajja, ke kika koya mana darasin tarbiyya da sanin addini a lise, wato babbar sakandare. Darasi ne da yara ba su ɗauka da nauyi ba, don hankalin kowa yana kan jarrabawar bak ta kammala lise, amma ajinki ba a fashinsa. Ba ki tara mana bayani. Sai ki rubuta kalma ɗaya a allo, amana ko kunya ko haƙƙin maƙwabci, ki zauna ki ce kowa ya faɗi inda ya gan ta a gidansu ko a kasuwa.

A shekararmu ta biyu aka kawo Saratu ajinmu, 'yar wani jandarma Kirista da aka yi wa canjin aiki zuwa garin. An ba ta izinin fita in lokacin darasinki ya yi. Kika ce in tana so ta zauna, ta kuwa zauna. Wata rana wasu 'yan aji suka ƙi shan ruwa da moɗar da ta sha. Ba ki yi faɗa ba. Kika sa ta ɗebo miki ruwa da moɗar, kika shanye a gabanmu, sannan kika tambaye mu ko a littafin da muka karanta an ware wane maƙwabci ne ba shi da haƙƙi.

Da mahaifinta ya rasu a haɗarin mota kan hanyar Dakusa, ke kika ja mu har gidansu gaisuwa, kika koya mana abin da za mu ce tun a hanya. Ba a daɗe ba uwarta ta kwashe su suka bar gari, labarinta ya yanke.

Tun daga nan, duk wanda ya zo gaishe ki cikinmu sai kin tambaye shi Saratu. Shekaru suka yi ta wucewa ba mu da amsa. Sai a damanar bana Hamisu, abokin karatunmu, ya gamu da ita a Yamai tana koyarwa. Da aka haɗa ku a wayar salula kuka daɗe kuna hira, ta ce za ta zo hutun ƙarshen shekara. Kika ce mata, "Ki zo da wuri, 'yata, ina son in gan ki da idona." Dukanmu muka ɗauka maganar ɗoki ce. Mun ga kina da ƙarfinki, muka zaci akwai lokaci.

Ba ta jira hutun ba, ta zo, Hajja, amma zaman makoki ta tarar. Ta durƙusa gaban maigidanki Alhaji Zakariya'u tana kuka, ta ce ba ta san irin addu'ar da ya dace ta yi miki ba. Ya ce mata, "Yi mata wadda kika iya. Da tana nan, haka za ta ce miki."

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa abin da kika koyar ya zama sadaka mai gudana. A madadin ɗalibanki na kusa da na nesa, ina miƙa ta'aziyya ga Alhaji Zakariya'u, da Mahamud da ƙanwarsa Ummul Khairi, da dukan dangi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ɗalibarki, Rahina Suma'ila, Gidimuni.